Me ke hana aikata laifi: tsananin hukunci ko tabbacin kamu?

A watan Afrilun 2014, wasu 'yan bindiga da ake zargin 'yan Boko Haram ne sun afka wa garin Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa cikin dare. Sun kai hari ofishin 'yan sanda da kotun shari'a da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai. A watan Yuli na shekarar, sojoji suka shiga dajin Balmo, wanda ya ratsa iyakar Bauchi da Jigawa, suka tarwatsa sansanonin da ke ciki. Duk sanda irin wannan ta faru, abin da za ka ji a majalisa shi ne: a ƙaro jami'ai, a tsananta hukunci. To amma me bincike ya nuna? Akwai fannin ilimi sukutum da ke nazarin laifuka da hanyoyin daƙile su, ana ce masa kiriminoloji. Bari mu duba abin da masanansa suka gano, da yadda ya shafi garuruwa irin su Zandam da ke ƙaramar hukumar Gwaram.

Mu fara da hukunci. Jihohi da dama a Najeriya sun tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai ga masu garkuwa da mutane, amma sana'ar ba ta mutu ba. Daniel Nagin na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya tattara binciken shekaru masu yawa a kan wannan batu a 2013, ya nuna cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci tasiri wajen hana shi aikata laifi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ɓarawon shanu ba ya zama ya lissafa shekara bakwai ce ko ashirin za a yanke masa. Lissafinsa ɗaya ne: za a gan ni? Idan an gan ni, za a faɗa? Idan an faɗa, za a zo? Muddin amsar ita ce a'a, ko an rubuta hukuncin rataya a doka, a takarda zai tsaya.

To ta yaya ake ƙara tabbacin kamu? Yawan sintiri kawai ba ya wadatarwa. Tsakanin 1972 da 1973 an yi wani gwaji a birnin Kansas na Amurka: wasu unguwanni aka ninka musu motocin sintiri, wasu aka bar su yadda suke, wasu kuma aka janye sintirin sai idan an kira. Da aka auna, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a yawan laifuka. Daga baya, a 1989, Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka bi diddigin kiran da ake yi wa 'yan sanda a birnin Minneapolis, suka tarar rabin kiran yana fitowa ne daga kusan kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin. Wato laifi yana da matattara. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa idan aka tattara jami'ai a irin waɗannan wurare, laifi yana raguwa, kuma sau da yawa ba ya komawa layin da ke kusa kamar yadda ake tsoro.

Sai dai a lura, a birane aka yi wannan bincike. A karkara irin ta Gwaram da Birnin Kudu matattarar laifi ba lungu ba ce. Tana iya zama hanyar dawowa daga kasuwa da yamma, ko burtali, ko bakin daji da ke kan iyakar jihohi biyu, inda mai laifi zai tsallaka ya fita daga hurumin rundunar da ke bin sa. Wa ya san waɗannan wurare? Manomi da makiyayi da ɗan acaɓa da mai unguwa. Kun ga ke nan maganar ta dawo kan bayani, kuma bayani a bakin mutane yake.

Mutum ba ya kai bayani wurin da bai yarda da shi ba. Tom Tyler, a littafinsa na 1990, ya nuna cewa mutane sun fi bin doka da taimaka wa hukuma idan suna ganin ana yi musu adalci wajen mu'amala: a saurare su, a girmama su, kada a nuna son kai. Amma da Justice Tankebe na jami'ar Cambridge ya gwada wannan a Gana, sakamakon da ya wallafa a 2009 ya nuna cewa a can, abin da ya fi sa mutane ba da haɗin kai shi ne ganin 'yan sanda suna iya aikin. Wannan ya fi kama da halin da muke ciki. Wanda ya san maɓoyar masu garkuwa yana tambayar kansa: idan na faɗa, za a rufa mini asiri? Wanda aka kama ba zai dawo gari bayan mako biyu ya neme ni ba?

A ɓangaren ta'addanci kuma, ƙarfin da ya wuce kima yana iya haifar da akasin abin da ake nema. Gary LaFree da abokan aikinsa sun auna matakai shida da gwamnatin Birtaniya ta ɗauka a rikicin Arewacin Ayalan tsakanin 1969 da 1992. Uku daga ciki, har da tsare mutane ba tare da shari'a ba da aka fara a 1971, hare-hare suka ƙara. Ɗaya kacal ya rage su. Mu ma muna da namu darasin: an kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a ƙarshen Yulin 2009 ba tare da an kai shi kotu ba, kuma ƙungiyarsa ta dawo da ta'asar da ta ninka ta farko. A rahoton hukumar UNDP na 2017, wanda aka tattauna da tsofaffin mayaƙa a Afirka, kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka shiga da kansu sun ce wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki, shi ne ya ingiza su a ƙarshe.

Shin ɗan sandan al'umma, wanda Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanada, shi ne maganin? Kada mu yi saurin cewa e. A 2021 mujallar Science ta wallafa wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe shida, ciki har da Laberiya da Yuganda da Pakistan. An yi tarurruka da jama'a, an yi sintirin ƙafa, amma yarda ba ta ƙaru ba, laifi ma bai ragu ba. Cikin dalilan da masu binciken suka bayar akwai yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, da rashin kayan aiki da goyon bayan manya don bibiyar koken da aka kawo. Taro a ƙofar fadar hakimi ba ya aiki idan jami'in da ya yi alkawari an ɗauke shi bayan wata uku, ko kuma babu mai a mota.

Saboda haka idan aka zo da wani sabon shirin tsaro a Zandam ko wani gari makamancinsa, akwai tambayoyin da ya kamata shugabannin gari su yi. Ana rubuta inda laifuka ke faruwa da lokacinsu, domin a san inda za a tura jami'ai? Wa ke kare wanda ya kawo bayani? Cikin ƙararraki goma da aka kai ofis, nawa suka isa gaban alƙali? Jami'in da aka turo zai daɗe har ya san mutane su san shi? Amsoshin waɗannan su ne ke nuna ko mai shirin aikata laifi zai ji tsoron kamu.