Littattafan Da Aka Saya, Mai Kanti Ya Karɓe Abinsa

Ran 2 ga watan Afrilu na shekarar 2019, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya yi shela cewa ya rufe kantinsa na sayar da littattafai ta intanet. Rufe kanti ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san kasuwa, gama kullum wani na shimfiɗa tabarma, wani na naɗe tasa. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne sauran jawabin. Wai littattafan da aka riga aka saya, aka biya kuɗinsu, su ma za su ɓace daga na'urorin masu su a farkon watan Yuli. Haka kuwa aka yi. Kantin da aka buɗe a 2017 ya tafi, ya kwashe duk abin da ya taɓa sayarwa.

Mai karatu zai so ya ji yadda haka ta yiwu. Irin wannan littafi ba shi da takarda, ba shi da tawada. Rubutu ne da a ke aiko wa mutum cikin kwamfutarsa a kulle, domin masu ɗab'i suna tsoron kada a yi ta kwafarsa ana rabawa kyauta. Mabuɗin kuwa yana can wurin kamfani, cikin wata babbar kwamfuta tasa, kuma na'urar mai saye ba ta buɗe littafin sai da izinin da ya fito daga can. Ran da kamfani ya kashe wannan kwamfuta, babu sauran mai ba da izini. Shi ke nan, ƙofa ta rufu har abada.

Gaskiya dai Microsoft bai cinye kuɗin kowa ba, ya mayar wa kowane mai saye abin da ya biya. Har ya ƙara dala 25 ga duk wanda ya riga ya yi rubutu a gefen littafinsa kafin ranar shelar. A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma malamai za su fi kowa gane ta. Wanda ya daɗe da littafi ya san matani daban ne, hashiya daban. Matani ana samunsa a kasuwa. Amma abin da mutum ya rubuta da hannunsa a gefe, ma'anar kalmar da ta ba shi wuya, da gyaran da ya ji daga bakin malaminsa, da alamar wurin da ya tsaya, wannan babu kantin da ke sayar da shi. Littafin da ya kwana shekara ɗari cikin gafaka yakan isa hannun jika da rubutun kakansa a jikinsa. Na Microsoft bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba, aka yi wa wahalar mai shi kuɗi bai ɗaya, ko layi guda ya rubuta ko ya cika kowane shafi.

Ba wannan ne farko ba. Cikin watan Yuli na 2009 kamfanin Amazon ya miƙa hannu daga nesa cikin na'urorin karatu na Kindle da ke ɗakunan mutane, ya goge littattafai biyu na George Orwell, marubucin Ingila. Hujjarsa ita ce wanda ya kawo su kanti ba shi da hakkin sayar da su. Hujjar ba ta banza ba ce, amma ɗaya daga cikin littattafan, mai suna 1984, labari ne na hukumar da ke leƙen asirin mutane tana goge abin da ba ta so a karanta, saboda haka jaridu suka sami abin dariya. Wani ɗalibi a jihar Mishigan ya tarar bayanan da ya tara domin aikin makaranta suna nan, amma shafuffukan da su ke nuni gare su sun tafi. Ya kai ƙara. Aka yi sulhu a kan dala 150,000, shugaban kamfanin kuma, Jeff Bezos, ya riga ya fito ya roƙi gafara a bainar jama'a.

To, a wurin 'yan kasuwa saye daban ne, haya daban, aro kuma daban, kowanne da hukuncinsa. In ciniki ya faɗa, mai kaya ya sallama, kuɗi suka shiga hannunsa, ba shi da sauran iko da abin da ya sayar, ko da gobe ya bar garin. Su waɗannan kamfanoni kalmar saye su ke rubutawa da manyan baƙaƙe a inda a ke danna yatsa. Sa'an nan cikin dogayen sharuɗɗa waɗanda da wuya a sami mai karanta su, sai su ce izinin amfani kaɗai aka ba mutum. Watau sunan saye, hukuncin haya, hayar ma wadda mai gida ne kaɗai ya san ranar ƙarewarta.

Wanda wannan hali ya fi ɓata wa suna shi ne Google. A 2005 ya buɗe wata hidima mai suna Google Reader, wadda ke tattaro wa mutum sababbin rubuce-rubuce daga jaridu da marubutan da ya zaɓa, ta jera masa su wuri guda. Kyauta ce, kuma 'yan jarida da masu bincike sun jingina aikinsu na kullum a kanta. Cikin Maris na 2013 kamfanin ya ce masu amfani da ita sun ragu, ya rufe ta ran 1 ga Yuli. Wani ƙaramin kamfani mai suna Feedly ya ce cikin kwana biyu da shelar mutum 500,000 suka ƙaura zuwa wurinsa. Bayan wannan aka yi ta rufe waɗansu, har da dandalin Google+ a 2019, har wani ya buɗe shafi na musamman a intanet yana lissafa su kamar mai ƙidayar kaburbura. Sun haura 250.

Sakamakon ya bayyana ran da Google ya zo da abin da ya ke bukatar a amince masa. Cikin Nuwamba na 2019 ya buɗe Stadia, inda mutum zai biya kuɗin wasan kwamfuta cikakku, amma wasan ya zauna a wurin kamfani, ana turo masa hotonsa ta intanet. Tun kafin a buɗe mutane ke tambaya, in aka rufe fa? Masu saye suka noƙe, masu ƙera wasanni da yawa su ma suka ja da baya, gama ba mai son ya yi gini a filin aro. Cikin Satumba na 2022 Google ya ce hidimar ba ta sami karɓuwar da ya yi tsammani ba. Ya rufe ta ran 18 ga Janairu na 2023, ya mayar da kuɗin na'urori da na wasanni. Stadia tana da waɗansu aibobi, ba shakka, amma tsoron rufewa yana cikin abin da ya hana ta ciniki, rashin cinikin kuma shi ya jawo rufewar da a ke tsoro.

A Nijeriya ma an ɗanɗana kaɗan. Akwai zamanin da 'yan kasuwa ke ba abokan ciniki lambarsu ta BBM kamar yadda a ke ba da kwatancen rumfa. An rufe wannan hidima ga jama'a ran 31 ga Mayu na 2019, sai dai lokacin yawancin mutane sun riga sun koma WhatsApp, don haka kukan bai yi yawa ba. WhatsApp ɗin kuwa shi ma yana da mai shi.

Hukuma ta fara sa baki, ko da ya ke da sauƙi-sauƙi. A cikin Satumba na 2024 gwamnan jihar Kalifoniya ya sa hannu a kan wata doka wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu na 2025. Ta hana mai sayar da littafi ko waƙa ko fim ko wasa ta intanet ya kira abin saye, sai in ya bayyana wa mai biya a fili cewa izini ne kawai ya ke karɓa, wanda ana iya janye shi, ko kuwa in kayan irin wanda mutum zai sauke ya ajiye a wurinsa ne ba tare da bukatar kamfani ba. Tun kafin ranar ta zo, kantin wasanni na Steam ya fara rubuta wannan gargaɗi a wurin biyan kuɗi. Dokar ba ta hana kowane kamfani rufe kantinsa ba, ba ta kuma ce kome ba a kan rubutun da mai karatu ya yi a gefen shafi.