JIRGIN DA YA FI ƘARA GUDU

Idan hadari ya taso, ana ganin walƙiya tukuna, sannan a ji tsawa. Dalili kuwa, ƙara tafiya take yi cikin iska, kuma haske ya fi ta sauri ƙwarai. Ƙara tana cin mita 340 cikin sakan guda, wato kilomita guda cikin sakan 3. Cikin awa guda tana cin wajen kilomita 1.200. Wannan ya fi nisan Yamai zuwa Damagaram.

Akwai jiragen sama da suka fi ƙara gudu. Ran 14 ga watan Oktoba 1947 wani sojan Amurka, Chuck Yeager, ya fara tuƙa irin wannan jirgi har ya wuce gudun ƙara.

Mine ne ke faruwa?

Jirgi yana tura iskar da ke gabansa. In gudunsa ya fi na ƙara, iska ba ta samun damar kaucewa. Sai ta matsu wuri guda, ta bi jirgin kamar igiyar ruwa bayan kwalekwale. Sa'ad da wannan matsattsar iska ta iso ƙasa, sai a ji "dum-dum" kamar tsawa, alhali babu hadari. Makiyayi ya san ƙaramin misalinsa: in ya kaɗa bulala ta yi "fyau-tas", bakin bulalar ne ya wuce gudun ƙara.

In ta bugi gini

Matsattsar iska tana bugun bango da rufi da taga kamar yadda hannu ke bugun ganga. A shekarar 1964 gwamnatin Amurka ta yi gwaji bisa birnin Oklahoma. Wata 6 jiragen soja suna ratsa garin, har sau 8 a yini. An yi bugu 1.253. Gilasan tagogi suka farfashe, yaɓen bango ya tsattsage. Mutanen gari suka kai kuka fiye da sau 15.000. A 1973 Amurka ta hana jiragen fasinja yin wannan gudu bisa ƙasarta.

Faransa da Ingila sun ƙera jirgin Concorde. Ya fara ɗaukar fasinja ran 21 ga Janairu 1976, daga Paris zuwa Riyo, ya yada zango a Dakar. Yana cin fiye da kilomita 2.000 a awa, amma galibi bisa teku yake sakin gudunsa, inda babu gidaje. A 2003 aka daina aiki da shi.

In hucin inji ya bugi ƙasa

Hucin da ke fita daga injin roka shi ma ya fi ƙara gudu. In ya bugi daɓen siminti, ƙarar tana komowa sama kamar amsa-kuwwa, ta bugi rokar kanta. Ran 12 ga Afrilu 1981, da kumbon Amurka mai suna Columbia ya tashi, wannan bugu ya ɓamɓare masa fale-fale 16 na kariyar zafi. Bayan haka sai aka ƙara ruwan da ake kwararawa ƙarƙashin kumbo lokacin tashi. Ruwan ya fi lita miliyan guda, wato tano 5.000 da ɗoriya. Ruwa yana shanye ƙarfin ƙarar, ya zama tururi.

Abin lura

Ƙara mai tsanani tana kashe ji, kuma jin da ya mutu ba ya komowa. Shi ya sa ma'aikatan filin jirgi suke toshe kunne. Mai injin niƙa da maƙeri su ma ya kamata su riƙa toshe nasu, su kuma nisanta yara ƙanana daga wurin aiki.