CINIKIN JITAR BES DA AMFILIFAYA: ABIN DUBAWA KAFIN A TAYA

Yau za mu ɗan ajiye maganar hatsi da fatu, mu taɓo wata haja wadda takan faɗo hannun masu kayan gwanjo ba da sun neme ta ba, watau jitar bes da amfilifayarta. Sau da yawa mutum ya saro kaya a Ikko ko Kwatano, yana buɗewa sai ya iske wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri a tsakiyar rediyoyi. Wani ya sallamar da ita a kuɗin banza don ta tare masa wuri, wani kuma ya yi ta riƙo yana zaton zinariya ya tsinta. Duka biyun asara ce.

Masu sayenta suna nan. Akwai coci-coci a Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos, akwai makaɗan biki da masu ɗakin ɗaukar waƙa, ga kuma ƙungiyoyin 'yan jita na Agadas da Yamai. Mutanen nan sun san kayansu sarai. Dillalin da ya je musu da ka, ran nan zai ji kunya.

To, ga asalinta. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da Precision Bass a 1951, sa'an nan ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma yawancin waɗanda ake ƙerawa har yau kwaikwayon waɗannan biyun ne. A 1965 ya sayar wa CBS kamfanin a kan dala miliyan 13. Masu tara tsofaffin kaya sun fi daraja wadda aka ƙera kafin wannan shekara, kuɗinta ya ninka na sabuwa sau da yawa. Ban da wannan, kayan kamfanin hawa-hawa ne. Ƙirar Amurka ita ce a sama, sai ta Japan wadda aka fara a 1982 da ta Meziko, kana Squier, mai sauƙin kuɗi, wadda yawanci daga Sin da Indunisiya take zuwa. Yamaha da Ibanez su ma suna da kasuwa, ba sa kwantai.

A nan ne ha'inci yake shigowa. Wasu sukan kankare sunan Squier su liƙa na Fender, su nemi kuɗin ƙirar Amurka. Saboda haka kada suna ya ruɗe ka, dubi lamba. Kafin 1976 galibi tana kan farantin ƙarfen da ya haɗa wuya da gangar jiki ta baya, daga 1976 aka mai da ita kan jitar, wajen maɗaurin tsirkiya. In ka ga ta fara da MN ko MZ ko MX, ƙirar Meziko ce, kome mai ita zai rantse maka. In kuɗin da ake magana mai yawa ne, ka nemi a kwance wuyan, kusoshi huɗu ne yawanci, sau da yawa akwai ranar ƙira a gindinsa. Haka nan maɓallan murɗa sauti, a bayansu akwai lamba: in ta fara da 137, ƙirar kamfanin CTS ce, abin da ya biyo baya kuma shekara ce da mako. Wanda ya hana ka dubawa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Sai lafiyarta. Ran bes yana wuyanta. Ka ɗora idonka daga kai ka hango tsawonsa kamar mai duba miƙewar gora. In ya ɗan lanƙwashe ba kome, akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake juyawa da ɗan makulli, kwata-kwata, ba da ƙarfi ba. Amma in sandar ta cije ko ta karye, ko wuyan ya murɗe, to ka zabge tayinka sosai ko ka ce albarka ka wuce. Ka tuna kuma itacen a ƙasar sanyi ya tashi. Hunturunmu yakan busar da shi ya tsuke, har bakin ƙarafan da aka jera a wuyan ya fito yana yankan hannu, damina kuma ta sa shi kumburi. Kada ka rataye ta a bakin rumfa rana tana dukanta, ka bar ta cikin jakarta.

Ƙarar ƙas-ƙas in an murɗa maɓalli ƙaramin abu ne, datti ne. Har ila yau wasu suna da batir mai bolt 9 a ciki, irin Music Man StingRay da ta fito a 1976. In batirin ya mutu sai sautin ya shaƙe ko ya ɗauke. Da dama an sallama irin wannan da sunan matacciya, alhali kuwa batir kawai take bukata.

Amfilifaya kuwa, nan jari ya fi ƙonewa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu 220 zuwa 230. Akwai wani a layinmu da ya samu babba daga Amurka, mai saye na tsaye ya riga ya taya, sai ya ce wa yaronsa, "Kai, jona ta Alhaji ya ji!" Hayaƙi kawai muka gani, ciniki ya watse nan take. Kafin ka jona, karanta abin da aka rubuta a bayanta. In ka ga 120 ko 100, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma mai ƙarfin da ya zarce nata. In da janareto za a gwada, a bar shi ya daidaita tukuna.

Abu na biyu, kada ka gwada bes da amfilifayar ƙaramar jita. Tsirkiyarta mai kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, in aka ƙure murya sai ta yaga takardar lasifikar. Na uku, lissafin om, wanda ake rubutawa a bayan lasifika. Biyu masu om 8 in aka haɗa su gefe da gefe sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2. In an rubuta wa amfilifaya 4, aka ba ta 2, zafi za ta yi ta mutu. Mai kwalabe a ciki kuma, irin Ampeg SVT ta 1969 mai wat 300, ba a kunna ta sam sai an jona mata lasifika. Tana da daraja, amma nauyinta ya kusa kilo 40, kwalabenta kuma suna da tsada, sai ka sa wannan a lissafi. Kada yaro ya buɗe cikinta, don takan riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare ta.

Batun gyara da sauye-sauye fa? Makaɗa suna son su canza maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ko gadar da tsirkiya ke hawa, ko fenti. A kan mai araha, sauti yakan gyaru, amma kuɗin da aka zuba ba ya dawowa duka ran sayarwa. A kan tsohuwa mai asali kuwa, garin neman gira ne a rasa ido. Fentinta da ya koɗe shi mai saye yake biya, in ka kai ta wurin mai feshin mota ka zubar da kuɗinka da hannunka. Za ka ji ana ba da labarin Jaco Pastorius, wanda ya cire ƙarafan wuyan Jazz Bass ɗinsa ta 1962 ya shafe wurin da ƙaro. Gaskiya ne, amma hannunsa ne ya ba ta suna. In dai sai an canza wani abu, a ƙulle na asalin a leda a ajiye, a sayar da su tare.

Daga ƙarshe, hattara da kayan sata. An sace wa Paul McCartney bes ɗinsa ƙirar Höfner a London a 1972, sai a 2024 aka ba da sanarwar ta koma hannunsa, bayan shekara fiye da 50. Jita tana da lamba da tabon da mai ita ba ya mantawa. Duk wadda ka saya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar, a gaban shaidu. La'ada ta yini ɗaya ce, amana ita ke dawo da mai saye. Allah ya ba da kasuwa, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.