Ƙoshin da Ke Gurgunta Ingarma

A Indabo ta ƙaramar hukumar Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, doki dabbar fita kunya ce. Akawali ne ko kili, yana ɗaure a turke ana jiran hawan Sallah ko na angwanci. Da ranar ta gabato, sai mai shi ya ninka masa awon gero da dawa da dusa don ya murje, gashinsa ya yi sheƙi. To, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ta nan ake cutar da dokin da ake ji da shi.

Tumbin doki ƙarami ne, Allah ya halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. In ya cika cikinsa da hatsi a lokaci guda, abin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji ya yi tsami, dafinsa ya bi jini har ƙafa. A cikin kowane kofato akwai siraran nama kusan 600 da suka sarƙe shi da ƙashi kamar yatsun hannu biyu. Su ne ke kumbura su saki, ƙashin ya karkata, wani lokaci har ya huda tafin kofaton. Likitocin dabbobi na kiran ciwon laminitis. Yawan teɓa da ɗanyar ciyawar farkon damina ma suna jawo shi, haka goɗiyar da ta haihu mabiyiya ba ta faɗo ba. Jakuna ma bai bar su ba.

Ƙafafun gaba ya fi kamawa, don su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jiki. Dokin zai miƙa su gaba, ya tattara nauyinsa baya, ya ƙi taka tsandauri. A taɓa kofato a ji zafi rau, jijiyar da ke samansa tana bugawa da ƙarfi. Wanda bai sani ba sai ya ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala. Ana ga doki yana ga ƙura.

Gata ba ya hana shi. Secretariat, dokin da ya zama zakaran sukuwar Amurka a 1973, wannan ciwo ne ya yi ajalinsa a 1989.

Lalas ba ya maganin ciwon. A janye hatsi nan take, a bar harawa da busasshiyar ciyawa da ruwa, a shimfiɗa wa dokin rairayi mai laushi, irin na bakin kogin Wudil. A tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a bar shi ya huta, a kira likitan dabbobi a ranar.

Mai shirin hawan bana ya soma ƙarin awo makonni kafin ranar, da kaɗan-kaɗan, ya riƙa fita kilisa da dokin, ya kuma sa a riƙa gyara masa kofato a kai a kai.