In Malami Ya Yi Kuskure, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Yau maganarmu a kan makaranta take, amma ba zancen yajin aiki ko ƙarin kuɗin zango ba ne. Zancen kuskure ne, irin wanda malami ko ma'aikacin makaranta zai yi cikin minti ɗaya, iyaye su shafe shekaru suna yawon gyara shi.

Tun daga farko bari in cire wani abu daga hanya: ban zo cin mutuncin malamai ba. Duk wanda ke karanta wannan rubutu, wani malami ne ya koya masa haɗa baƙi, ni ma haka. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In uwa ta ce ranta ya ɓaci da makarantar ɗanta, ya kamata mu tsaya mu ji me ya faru, kafin mu ce mata "ai ɗan Adam ajizi ne, ki yi haƙuri."

To, wane irin kuskure muke nufi? Zan kawo guda huɗu da suka fi yawa.

Na farko, kuskuren maki. Sakamakon yaro a ƙarshen zango haɗi ne na makin gwajin aji da na jarrabawa. Malamin darasi zai rubuta a takardarsa, malamin aji ya kwafe zuwa babbar takarda, daga nan a kwafe zuwa rifot ɗin yaro. Hannu uku kenan, kuma kowane hannu na iya tsallake layi. A ajin da akwai Fatima biyar da Abubakar shida, makin wannan ya koma gaban sunan wancan ba abu ne mai wuya ba. Yaro ya ci 71 a rubuta masa 17. A gida kuma uba ba zai zargi biro ba, yaron zai zarga. A yi masa faɗa, wani ma a zane shi, a kan laifin da ba nasa ba. Wani yaron daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba ya gane lissafi.

Na biyu, kuma shi ya fi tsada, kuskuren suna da ranar haihuwa wajen rajistar WAEC da NECO. Ku saurara da kyau, musamman masu ƙanne a SS2 da SS3. Makaranta ce ke shigar da bayanan ɗalibanta, ba ɗalibin ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne, jami'in jarrabawa ko wani yaro a shagon kwamfuta, zai zauna ya buga sunaye ɗaruruwa ana gab da rufe rajista. Sunayenmu kuwa kun san yadda suke a boko. Muhammad, Mohammed, Muhammed. Aisha, Aishatu, A'isha. Wani yana amfani da sunan garinsu a ƙarshe, wani sunan kakansa. In mai bugawa ya juya tsarin, sunan uba ya koma na yaro, a idon kwamfuta an samu mutum biyu daban.

Me ya sa abin ya fi zafi yanzu fiye da zamanin yayyenmu? Saboda takardu sun fara magana da juna. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN kafin rajista, kuma daga rumbun hukumar NIMC take jawo sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa. Kenan in abin da ke NIN bai yi daidai da abin da ke sakamakon WAEC ko NECO ba, matsalar tana nan tana jira a wajen tantancewa a jami'a. In an tsallake nan, ga bautar ƙasa a gaba, inda shekaru ke da muhimmanci: wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa sansani. Ka ga in aka ƙara wa mutum shekara biyu ko uku bisa kuskure tun yana sakandare, abin na iya biyo shi har nan. Gyaran kuma ba kyauta ba ne: takardar rantsuwa a kotu, wasiƙar shugaban makaranta, kuɗin gyara, kuɗin mota zuwa ofishin hukuma a babban birnin jiha, da jira na watanni. Wanda ya buga harafin bai biya ko sisi ba. Uba ne ya sayar da buhun masara.

Na uku, kuskuren haɗin darussa. A jarrabawar JAMB darasi huɗu ake ɗauka, Turanci dole, sauran ukun kuma ya danganta da abin da ɗalibi ke son karanta. Mai son likitanci sai da Physics da Chemistry da Biology. Mai son karatun lauya kuma adabin Turanci na cikin abin da ake nema. In makaranta ba ta da mai ba ɗalibai shawara, ko aka yi wa yaro rajistar WAEC ba tare da darasin da kwas ɗinsa ke buƙata ba, zai iya cin maki mai kyau amma a ce bai cancanta ba. Shekara guda ta tafi. Ga 'ya mace kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidaje da yawa shekara gudan nan ita ce ƙarshen karatun, don maganar aure za ta shigo kafin rajista ta gaba.

Na huɗu, kuskuren hukunci. A yi surutu a aji a zane kowa. A kori yaro gida kan kuɗin makarantar da an riga an biya, don kawai mai karɓar kuɗi bai shigar a littafi ba. A kira yarinya daƙiƙiya a gaban sa'o'inta, alhali allo ne ba ta gani daga baya, tabarau take buƙata.

Yanzu tambaya: me ke jawo haka? Sakaci na ciki, ba za mu ɓoye ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare. Ku shiga makarantar gwamnati a unguwarku ku ƙirga da idonku. Malamin da ke riƙe da aji uku ko huɗu masu cunkoso, takardu nawa zai maka a mako guda, da hannu, wani lokacin da fitilar waya? A Kano, gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Gwamnati ba ta yin haka in komai lafiya.

Sai maganar ƙwarewa. A ƙa'ida, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma akwai hukumar TRCN da ke yi wa malamai rajista. Amma a makarantun kuɗi da yawa na cikin unguwa, wanda ya gama sakandare bara shi ke riƙe da aji bana, a kan albashin da bai kai shi tsakiyar wata. Kuna tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017? Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 da aka gindaya ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi watsi da tsarin gwajin har ta tafi yajin aiki. Ko wane ɓangare ka goya wa baya, tambaya ɗaya ta rage: wa ya ɗauke su aiki tun farko, kuma sau nawa aka tura su horo? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma fa abin da na lura da shi, a zaman da muke yi da iyaye a unguwa, ba kuskuren ne ya fi ƙona musu rai ba. Abin da ke biyo baya ne. Ka je da ƙorafi a bar ka tsaye a baranda. A ce hedimasta ya fita, ka dawo gobe. A ce "ai mu ba ma kuskure a nan." In uba bai yi boko ba, a yi masa Turanci don ya ji kunya ya tafi. Wata uwa ta ce min ita tsoronta kar ta yi magana a sa wa ɗanta ido. Wannan tsoron shi ke sa iyaye da yawa su haɗiye, sai ranar da abin ya cika su zo da faɗa.

Ku dubi abin da ya faru a 2025, a sama can. Sakamakon JAMB ya fito, sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 1.9 suka samu ƙasa da 200. Iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa akwai matsala. A ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu tangarɗa a na'urori, har da hawaye, aka ce ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas su sake zama. A watan Agusta kuma WAEC ta saki sakamakon da ya nuna kashi 38.32 ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen makin wata takardar Turanci, ta nemi afuwa, adadin ya koma kusan kashi 63. Darasi biyu ne a nan. Ɗaya, in manyan hukumomi masu kwamfutoci za su yi kuskure irin wannan, malamin aji mai jan biro ma zai yi. Biyu, ba a gyara ba sai da mutane suka yi magana, suna riƙe da hujja. Da kowa ya ce ƙaddara ce ya yi shiru, da yara dubbai sun tafi da sakamakon da ba nasu ba.

To mene ne abin yi? Ga iyaye da yayye, rigakafi ya fi magani. Kafin yaro ya shiga SS3, a zauna a tsayar da rubutun sunansa guda ɗaya, harafi da harafi, da tsarin jerinsa, da ranar haihuwa guda ɗaya. A tabbata haka yake a takardar haihuwa da NIN. A rubuta a takarda a miƙa wa makaranta, a ajiye kwafi. In an yi rajista, a nemi ganin takardar da aka fitar mai hoton yaro da darussansa, kafin a rufe, don gyara a lokacin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rasit kuwa, ko na naira ɗari biyar ne, a ɗauke shi hoto a waya.

In kuskuren ya riga ya faru, a bi matakala. Malamin aji da farko, cikin mutunci, kuma ba a gaban yaro ba. Cewa "Malam, don Allah a taimaka a sake duba mana takardar" ya fi buɗe ƙofa fiye da "kun cuci ɗana." In bai yiwu ba, shugaban makaranta, kuma a rubuce, da kwanan wata, a sa a buga hatimi a kwafinka. Daga nan akwai PTA, akwai kwamitin SBMC a makarantun gwamnati, wanda mutanen unguwa ke ciki. In firamare ce ta gwamnati, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi SUBEB. In sakandare ce ko makarantar kuɗi, ma'aikatar ilimi ta jiha na da sashen da ke sa ido a kansu. In abin ya kai ga rauni a jikin yaro, wannan ya wuce sulhun ofis kawai: asibiti da farko, a karɓi takardar likita, sannan a kai ga hukuma.

Abin da ba za mu goyi baya ba shi ne a kwashi 'yan unguwa a je a daki malami, ko a ɗora hotonsa a Facebook da zagi kafin a ji ta bakinsa. Ranar da ka mari malami a gaban ɗalibai, ka koya wa ɗanka cewa ƙarfi ke raba gardama, kuma malaman kirki da suka rage za su fara neman wata sana'a.

Ga makarantu kuma, roƙona kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ku liƙa jerin sunayen masu jarrabawa a allo mako guda kafin a tura, kowane ɗalibi ya duba ya sa hannu. Ku mayar wa yara takardunsu bayan maki su ga inda suka faɗi. Mutum biyu su duba jimilla kafin a rubuta rifot. In kuskuren daga gare ku ne, ku ɗauki kuɗin gyaran. Kuma ku koyi cewa "mun yi kuskure, ku yi haƙuri." Wallahi wannan kalmar ba ta rage darajar malami, ƙara ta take yi.

Mu matasa fa, namu aikin a bayyane yake. Iyayenmu da yawa ba za su iya bambanta Muhammad da Mohammed a takarda ba, mu za mu iya. Yau ɗin nan, in kana da ƙani ko ƙanwa a sakandare, karɓi takardar NIN ɗinsu da rifot ɗin zangon da ya wuce, ka ajiye su gefe da gefe, ka karanta harafi da harafi. Ka tara makin da kanka. In maƙwabcinka zai je makaranta da ƙorafi kuma yana jin nauyin Turanci, raka shi. Minti goma ne, amma yana iya tsare wa yaro shekara guda.

A nan za mu dakata. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da ɗa a aji shida na sakandare, musamman kafin a buɗe rajista. Allah Ya saka wa malamanmu na kirki da alheri, Ya ba iyayenmu ladan ɗawainiya.