An gayyace ka bincike a jami'ar Amurka: me ke kan sashen da zai karɓe ka?

Ka samu wasiƙar gayyata daga wani farfesa a Amurka? Madalla, amma ita kaɗai ba za ta kai ka ba. Yawancin baƙin masu bincike da bizar J-1 suke shiga, kuma ba a neman ta sai da takardar DS-2019. Ofishin kula da baƙi na jami'ar ne ke fitar da takardar, amma sashen da ya gayyace ka ne zai nema maka, ya nuna Turancinka ya isa aikin, kuma akwai kuɗin da zai riƙe ka.

Inda abin ke da hatsari shi ne bayan ka sauka. Dole a tabbatar da isowarka a rumbun bayanan gwamnati na SEVIS cikin kwana 30 daga ranar farawa da ke kan takardar. In sashen ya yi sakaci bai tura ka ofishin ba, rajistarka na iya lalacewa, kai kuwa kana can ɗakin gwaji kana ta aiki ba ka sani ba. A ganinmu wannan shi ne babban nauyin da ke kansu.

Sai inshorar lafiya. Doka ta ce ta kai aƙalla dala 100,000 kan kowane ciwo ko haɗari, da dala 25,000 na mayar da gawa gida, Allah ya kiyaye. Kar ka ɗauka sashen zai biya. Tambaye su tun kana gida.