Hattara, Hananiya Ya Shigo Zumuntar Matasa

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata uwa daga zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofar majami'a. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Malam, ɗanka fa ya daina zuwa, ka lura kuwa?" Na lura, sai dai na ɗauka aiki ya samu. Yaron nan shi ke kaɗa mana jita, shi ke riga kowa zuwa ya jera kujeru ranar taron matasa. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara uku yana yawo da takardu a jaka. Ashe wani mai wa'azi da yake kallo a waya ne ya ce duk wanda ya "shuka iri" kafin wata ya mutu, ƙofarsa za ta buɗe cikin kwana 21. Ya ɗauki babur ɗin da kawunsa ya ba shi yana acaɓa ya sayar, ya tura kuɗin. Kwana 21 suka wuce, wata uku ya wuce. Da ya aika yana tambaya, aka ce bangaskiyarsa ce ta gaza.

Na same shi a ɗaki da rana tsaka, labule a sake. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce, "Malam, ko dai Allah bai cika alkawari, ko kuwa ni ne ba ya so."

Wannan maganar ta hana ni barci, domin na san inda ya samo ta. Mai wa'azin waya girbi kawai ya yi. Mu muka yi sharar gonar. Shekara da shekaru muna tara matasa a taron farkawa da kwanan addu'a muna gaya musu cewa bana ce shekararsu, wanda ya dogara ga Allah ba zai ga wahala ba. A lokacin ba da shaida kuwa, wanda ya samu aiki ko ya yi aure ko ya sayi mota shi ke fitowa gaba. Ban taɓa ganin mun tafa wa yarinyar da ta shekara biyar tana jinyar mahaifinta ba ta fasa addu'a ba. Da haka yaranmu suka ɗauka cewa dogara ga Allah ciniki ne: ka ba da, a ba ka, kuma a kan lokaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muka tsaga shi.

Matsin da matasan ke ciki ba ƙarya ba ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a Disamban shekarar. A ƙauyuka da dama na Filato, Kudancin Kaduna, Borno da Adamawa, akwai matasan da gonar gidansu ta gagare su zuwa saboda tsoro. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Takubba uku nake ganin ana miƙa wa yaranmu yanzu, kuma ukun duka sun riga sun shigo harabar ikilisiya.

Na farko shi ne annabcin kuɗi. Ana sayar da man shafewa da ruwa da ƙyalle, ana yanka wa addu'a farashi, ana gaya wa marar lafiya ya ajiye maganin asibiti domin shan magani rashin bangaskiya ne. Wanda yake ganin abin ba zai kai ko'ina ba, ya tuna da dajin Shakahola kusa da Malindi a ƙasar Kenya. A watan Afrilu 2023 aka fara tono gawawwakin mabiyan Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da umartar su da su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Gawawwakin da aka tono sun haura 400, da yara a cikinsu. Mutanen nan ba mahaukata ba ne. Masu neman Allah ne da wahala ta kora hannun mutum guda, suka daina tambaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu shi ne kuɗin banza da aka yi wa wankan addini. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun jama'a a Disamba 2016. Ba mu ɗauki darasi ba. A Afrilu 2025 CBEX, wadda ta ce za ta ninka kuɗin mutum cikin kwana 30, ta rushe da dukiyar jama'a. Irin waɗannan tsare-tsare da kuɗin sabon shiga suke biyan tsoho, shi ya sa kullum suke neman wurin da mutane suka yarda da juna. Ina aka fi yarda da juna kamar zumunta? Ɗan'uwa ya tashi ya ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa hanya, ya jefa bayanin a zauren WhatsApp na matasa, kafin mako ya zagayo mawaƙa rabi sun shiga. Ranar da abin ya fashe, kuɗi sun tafi, zumunci ma ya bi su. Ƙanen wannan shi ne cacar ƙwallo. Na ga yaron da ke ɗora hannu a kan takardar caca yana addu'a, na ji wani yana yi wa Allah alkawarin zakka in tikitinsa ya ci.

Na uku shi ne wanda ake faɗawa bayan biyun farko sun ci amana: ƙwaya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a Mayu 2018, amma tiramadol da 'yan'uwansa ba su bar unguwanninmu ba. Kada wani dattijo ya ce wannan matsalar 'ya'yan waje ce. Wasu daga cikin masu sha suna sanye da rigar mawaƙa ranar Lahadi.

Duk wannan ba sabon abu ba ne. Ku buɗe littafin Irmiya, sura 28. Babila ta riga ta kwashe wasu mutanen Yahuza da kayan Haikali, zukata sun karaya. Sai wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tsaya a gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo. Har ya cire karkiyar itace da ke wuyan Irmiya ya karya, don kowa ya gani da ido. Wa zai ƙi irin wannan wa'azi? Irmiya da kansa ya amsa da amin, ya yi fatan haka ta kasance. Amma saƙon da Allah ya ba shi daban ne: shekara 70. Hananiya ya yi annabcinsa a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai, bautar talala kuwa ta ci gaba.

A sura ta 29 Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila wasiƙa, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. A cikin wannan wasiƙar ce aya ta 11 take, wadda matasanmu ke bugawa a riguna suna liƙawa a waya, mai maganar kyakkyawan shirin Allah. Mun ciro ta ita kaɗai mun bar shekara 70 da ke ayar da ta gabace ta. Yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin nan a Babila aka binne su, duk da haka alkawarin gaskiya ne, kuma ya cika. Mun ɗauki ayar Irmiya muna yin wa'azin Hananiya da ita.

Tarihin ikilisiyoyinmu ma shaida ne a kanmu. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa yankinmu, wanda ake kira Sudan a lokacin, da bishara. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya kora shi, sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin ECWA ta fito a 1954. Da ma'aunin masu kwana 21 za a auna su, da an ce bangaskiyarsu ta gaza. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yanta, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. Suka koma, suka sake gini, a 2023 suka yi bikin cika shekara 100. Akwai kuma Leah Sharibu, wadda aka ɗauke tare da sauran 'yan makarantar Dapchi a Fabrairu 2018, aka saki abokanta aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta. Wane mai sayar da man shafewa ne zai dubi mahaifiyarta ya ce iri ne ba ta shuka ba?

Saboda haka, Baba Rabaran, dattawa, da ku shugabannin matasa, ga abin da nake roƙo tun wuta ba ta kai ɗaki ba.

Ku tantance wanda kuke ba wa bagadi a taron matasa. Duk wanda ya yanka wa addu'a farashi, ko ya sa wa Allah ranar biya, ko ya hana shan magani, ko ya ce a ɓoye wa iyaye da fasto abin da ya faɗa, a sallame shi ko da taro zai ragu. Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa da kuturta ya ƙare. Bitrus ma bai saurara wa Siman ba da ya zo da kuɗi zai sayi baiwar Allah.

Ku hana tallar kowane irin zuba jari a taro da zaurukan zumunta, ko da ɗan dattijo ne ya kawo.

Ku gyara lokacin shaida. A ba wanda har yanzu yake jira dama ya yi magana. A koyar da Ayuba, da Habakuk wanda ya ƙudura yin murna ko da gona da garke sun tashi a banza, da abokan Daniyel uku da suka ƙi sunkuya wa gunki ko za a cece su ko ba za a cece su ba, da Bulus wanda ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya ba a cire ba.

Ku haɗa addu'a da sana'a. Bulus ɗinkin tanti yake yi yana wa'azi. A kowace ikilisiya akwai tela da kafinta da makanike da mai kiwon kaji. Kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya. Kuɗin da ake kashewa a kan anko da lasifika na taro guda zai sayi keken ɗinki fiye da ɗaya.

Ku riƙa ƙirga waɗanda ba su zo ba. Matashin da ya janye jiki, ya daina cin abinci, yake maganar gajiya da duniya, kada a tsaya ga tsawata wa aljani; a zauna da shi, a kai shi wurin likita. Da Iliya ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, abinci da ruwa da barci Allah ya fara ba shi kafin magana.

Iyayenmu, ku ma da naku. Ku daina auna ɗanku da ɗan maƙwabci da ya dawo da mota ba a san sana'arsa ba. Gorin da ake yi wa yaro a kan tuwo yakan tura shi inda Shaiɗan bai isa ya tura shi ba.

Ku kuma ƙannena, ba na ce muku wahalar nan za ta ƙare bana ba, domin ba a aiko ni da kwanan wata ba. Abin da na sani shi ne wanda muke bi ya yi addu'a a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙo, ba a ɗauke ba, kuma ba don Uban ba ya ƙaunarsa ba ne. Jinkirin amsa ba ƙiyayya ba ce. Kafin ka tura kuɗi, ko ka ajiye magani, ko ka karɓi ƙwayar farko, nemi babba guda da ka yarda da shi ka faɗa masa.

Yaron nan ya dawo, amma ba rana ɗaya ba. Wata biyar muka yi muna zuwa ɗakinsa ni da wani dattijo, wani lokaci mu yi addu'a, wani lokaci mu yi shiru kawai. Yanzu yana koyon haɗa wutar sola a shagon wani ɗan'uwa. Babur bai dawo ba, aikin ofis ma bai zo ba. Ran nan ya ɗauki jitarsa a taron matasa, da ya gama na dubi kujerun baya na ƙirga guda huɗu da masu su suka daina zuwa tun damina. Ranar Asabar za mu fara da gidan farko.